Barnstorming ko Sky Jinks: wane tseren jirgi za ka ɗauka a Atari 2600?

Wanda ya fara tonon tsofaffin wasannin Atari 2600, na'urar wasan bidiyo ta gida da ake haɗawa da talabijin, ko ta manhajar kwaikwayo a kwamfuta ko ta sabuwar na'urar Atari 2600+ da ke karɓar kaset na asali, ba zai jima ba zai ci karo da Barnstorming da Sky Jinks. Kamfani ɗaya ne ya fitar da su, wato Activision na Amurka, kuma a shekara ɗaya, 1982. A kowannensu ƙaramin jirgi mai farfela kake tuƙawa, ba bindiga, ba bom, ba abokin gaba. Agogo ne kawai a saman allo yake ƙirga maka daƙiƙoƙi. Shi ya sa da yawa suke ɗauka wanda ya buga ɗaya ya buga ɗayan. Tun da wuri bari in faɗi inda na tsaya: in tsere kake nema, Sky Jinks ne naka. In kuwa abin da za ka miƙa wa yaro ko baƙo ya gane shi nan take kake so, ɗauki Barnstorming.

Ba za a yi musu adalci ba sai an san injin da aka rubuta su dominsa. Atari ta fitar da na'urar a 1977, kuma ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce kacal, ba ta ma isa ta riƙe cikakken saƙon tes guda na waya ba. Ba ta da inda za ta ajiye hoton allo gaba ɗaya, sai dai mai shirya wasa ya riƙa gaya mata abin da za ta zana layi bayan layi, daidai lokacin da talabijin ke zana layin. Abubuwa masu motsi da ta san da su guda biyar ne, manya biyu da ƙanana uku. Duk abin da ka gani ya wuce haka a allo, wayon mai shiryawa ne. Mutum huɗu daga cikin gwanayen wannan wayo, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, sun bar Atari a 1979 saboda ba a sa sunansu a wasannin da suka rubuta, ba a kuma ba su kaso daga cinikin. Su ne suka haɗu da Jim Levy suka kafa Activision. Whitehead, tsohon hannu, shi ya rubuta Sky Jinks. Barnstorming kuwa shi ne wasan farko na wani sabon ɗauka, Steve Cartwright, wanda daga baya ya yi Megamania da Seaquest da Frostbite. Wannan bambancin yana nan a jikin wasannin biyu: sabon shiga ya zo ya nuna abin da zai iya, tsohon hannu ya rage duk abin da bai zama dole ba.

Barnstorming ya jingina ne da wani zamani na tarihin Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, gwamnati ta sayar da ragowar jiragen horaswa samfurin Curtiss JN-4 da araha, matuƙan da suka rasa aikin yi suka saye su suka shiga yawo gari-gari. Sai su sauka a gonar wani manomi, su yi wasan wuntsila gudidi a sama, su ɗauki mutanen ƙauye su zagaya da su a biya su. Charles Lindbergh da wannan sana'ar ya fara kafin ya tsallaka Tekun Atlantika a 1927, haka ma Bessie Coleman, baƙar fata mace ta farko a Amurka da ta samu lasin tuƙin jirgi, wanda sai da ta je Faransa ta samo shi a 1921. Cartwright ya ce tunanin wasan ya zo masa ne wata rana yana hanyar komawa gida daga aiki, ya hango irin wannan jirgi mai fukafukai hawa biyu a sama.

Daga gefe kake kallon jirginka. Yana gefen hagu na allo, duniya ce ke tahowa daga dama. Sandar tuƙi da ke hannunka sama da ƙasa kawai take kai ka, jan maɓalli kuma shi ne totur. Aikin shi ne ka kutsa ta cikin manyan sito-sito na katako irin na gonakin Amurka, ka shiga ta wannan ƙofa ka fita ta waccan, tsakaninsu kuma akwai dogayen injinan iska masu jan ruwa da dole ka haye samansu. Ka hau sama kuma sai ka tarar da agwagin daji suna tafiya inda kake tafiya, amma ba da saurinka ba. In ka bugi ɗaya, gudunka ya ragu. Wato ƙasa akwai cikas, sama akwai cikas, kai kuma kana ta hawa da sauka a tsakani.

A fagen kyan gani babu gardama, Barnstorming ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. Rana tana bakin duwatsu, sararin sama ya yi launi hawa-hawa daga ja zuwa ruwan ɗorawa, ƙyallen wuyan matuƙi yana kaɗawa a iska, farfela tana juyawa. Wannan hoton sama ya zama kamar tambarin Activision, don an sake ganin irinsa a Chopper Command da Seaquest. A injin da ba shi da inda zai ajiye hoto, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma har yau in ka kunna shi a gaban wanda bai taɓa ganin Atari ba, shi ne zai sa ya tsaya ya kalla. Ya samu wurin yin wannan ado ne saboda kaset ɗinsa kilobayit 4 ne. Na Sky Jinks kilobayit 2 ne, rabin wancan. Ana ma iya gane haka daga lambar da ke jikin kwali: Barnstorming AX-013 ne, Sky Jinks AG-019, kuma a tsarin kamfanin AG na nufin ƙaramin kaset, AX na nufin mai ninkinsa.

Wannan lamba 019 tana kuma bayyana dalilin da ya sa aka fi mantawa da Sky Jinks. Mai lamba 018 shi ne Pitfall! na David Crane, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 4. Mai lamba 020 shi ne River Raid na Carol Shaw, shi ma jirgi ne ake kallo daga sama, amma shi da harbi da gadoji da tankunan mai. Wasan da ya faɗo tsakanin waɗannan biyun, ga shi ƙarami, ga shi ba harbi, ina zai samu mai waiwayarsa?

Shi Sky Jinks daga wani reshe na tarihin ya fito, reshen da ya fi kusa da tsere na gaskiya. A shekarun 1930 babbar gasar jirage a Amurka ita ce ta kofin Thompson, wadda aka fi yi a birnin Cleveland. Ana kafa dogayen turaku a fili, jirage su tashi tare su riƙa zagaya su ƙasa-ƙasa a gaban 'yan kallo. Jimmy Doolittle ya ci ta 1932 da jirgin Gee Bee R-1, da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 400 a awa. Dokar turke kuwa ba sani ba sabo: a 1933 Roscoe Turner ne ya fara isowa, amma aka soke nasararsa saboda ya yanke ta cikin turke, kodayake daga baya ya ci kofin har sau uku, a 1934 da 1938 da 1939. Whitehead ya sa wa mataki na biyar na wasansa suna Thompson Tourney, ka ga ya san inda ya ɗebo.

Amma kada ka sa ran ganin wasu jirage suna goga kafaɗa da kai, kuma ba da'ira ake zagayawa ba. Daga sama kake kallon jirginka, samfurin da littafin wasan ya kira P41, inuwarsa tana bin sa a ƙasa, fili yana zubowa daga saman allo. Turaku iri biyu ne: ja ka bi ta damansa, shuɗi ka bi ta hagunsa. Ka bi ta inda ba daidai ba, a ƙara maka daƙiƙa 3 a agogo. Akwai itatuwa da manyan balan-balan da in ka buge su jirgin zai faɗi, sai ka sake tara gudu daga farko. Wanda ya san Skiing, wasan zamiyar ƙanƙara da Whitehead ya yi a 1980, zai ga tsarin nan ne aka juya aka sa masa fukafukai. Shi kuwa wanda bai san shi ba, ya tuna yadda ake jera wa mai koyon mota duwatsu a fili a ce ya riƙa saƙawa a tsakaninsu, sai dai a nan ba a yarda ka ɗaga ƙafa daga totur ba in kana son lokaci mai kyau.

Abin da ya ɗaga Sky Jinks a wurina shi ne yadda jirgin ke shan kwana. Ba ya tsalle daga nan zuwa can. In ka tura sanda sai ya karkata, ya fara zamewa gefe, in ka saki kuma sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya miƙe. Saboda haka ba a jira a iso turke sannan a juya. Tun kana wuce wannan ka riga ka karkata don na gaba, kuma yadda ka fita daga turke ɗaya shi ke yanke maka yadda za ka shiga na biye da shi. In ka buɗe kwana da yawa don tsoron karo, ka yi nisa da na gaba. In ka matse sosai, fiffike ya taɓa. Ranar da hannunka ya kama kiɗan abin, za ka ji jirgin yana lilo dama da hagu ba tare da ka tsaya tunani ba, kuma a nan daɗin wasan yake. A Barnstorming babu irin wannan nauyin jiki. Ka tura sama ya hau, ka ja ƙasa ya sauka, ka saki ya tsaya inda yake. Wannan ne ya sa yaro ke gane shi cikin minti ɗaya, kuma shi ne ya sa babba ke saurin ƙoshi da shi.

Lissafi ma ya nuna bambancin yawan aikin hannu. Matakin farko na Sky Jinks turaku 25 ne, kuma lokacin da kamfanin ya ɗauka na gwani daƙiƙa 37 ne, wato kusan turke guda a kowace daƙiƙa ɗaya da rabi. Matakin farko na Barnstorming sito 10 ne cikin daƙiƙa 33.3. Gaskiya akwai injinan iska a tsakani da agwagi a sama, amma akwai wuraren da za ka miƙe kawai kana jira. Sky Jinks ba ya ba ka wannan hutun.

Wurin da ya fi kamata mai zaɓe ya duba shi ne abin da kuskure ke jawowa. A Barnstorming in ka tsallake sito, lissafin sito da suka rage maka ba ya raguwa, sai ka ƙara tafiya gaba ka nemo wani ka cike gurbin, kuma wannan ƙarin tafiyar ta gama lalata lokacinka. In ka bugi injin iska ko rufin sito, jirgin ya yi baya ya rasa gudu. Kowanne ya same ka, abin da ya rage shi ne ka danna maɓallin sake farawa. A Sky Jinks kuwa, idan ka hango ba za ka kai ga turke ta gefen da ya dace ba, hanya uku ke gabanka kuma cikin ƙiftawar ido za ka zaɓa. Ko ka saki totur ka rage gudu ka sha kwanar lafiya, ko ka haƙura ka wuce ta gefen da ba daidai ba ka karɓi tarar daƙiƙa 3, ko ka yi kasada ka matsa da cikakken gudu, in ta yi kyau ka tsira ba asara, in ba ta yi ba ka faɗi. A dogayen matakai, inda turaku suka kai 75 ko 99, kuskure ɗaya ba ya kashe tseren, don haka wannan zaɓin yana da ma'ana har ƙarshe. Tsere ke nan: ka san inda za ka yi asara kaɗan don ka kauce wa babba.

Dukansu biyu wasannin hadda ne, wannan kam kada a ruɗe ka. Hanyar ba ta sauyawa a yawancin matakai, ana maimaita ta ne har ta zauna a ka. Barnstorming yana da matakai huɗu: na farko sito 10, na biyu 15, na uku 15 a wata hanyar dabam, na huɗu 25 kuma shi ne kaɗai ake sauya wa hanya duk lokacin da aka zaɓe shi. Sky Jinks yana da biyar: turaku 25, 50, 75, 99, sai na biyar shi ma 99 amma da sabuwar hanya kowane karo. A takarda bambancin mataki ɗaya ne. A hannu ya fi haka, domin haddar Barnstorming ta "sama, ƙasa, ƙasa, sama" ce, da ka riƙe jerin kuma ka san inda agwagi ke tare hanya, ka gama da matakin. A Sky Jinks ko ka haddace inda kowane turke yake, saura ka gyara layin da kake bi, kuma wannan gyaran ba ya ƙarewa da wuri.

A wancan zamani Activision tana da wata al'ada mai daɗi. In ka kai lokacin da ta gindaya, sai ka ɗauki hoton talabijin ɗinka ka aika ta gidan waya, su aiko maka da bajo na ƙyalle ka ɗinka a riga. Na Barnstorming sunansa Flying Aces, kuma ana samun sa da daƙiƙa 33.3 a mataki na ɗaya, ko 51 a na biyu, ko 54 a na uku. Na Sky Jinks sunansa Sky Stars, daƙiƙa 37 a mataki na ɗaya ba tare da kuskuren turke ko guda ba. An daɗe da daina raba bajon, amma lambobin suna nan a matsayin ma'auni. Akwai wani labari da ke nuna ƙuncin filin da ke cikin Barnstorming. Shekaru da dama an riƙe daƙiƙa 32.04 a matsayin lokacin da ya fi kowanne a matakin farko, a kundin Twin Galaxies mai tattara bajintar 'yan wasa. Da masu bincike suka buɗe cikin wasan suka cire duk wani cikas, suka bar jirgin ya miƙe da cikakken gudu daga farko har ƙarshe, sai ya ɗauki daƙiƙa 32.77. Wato lambar da aka yi ta yabo ba ta yiwuwa, aka kuma soke ta. Abin lura ga mai zaɓe shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin bajo da iyakar abin da injin zai iya bayarwa: kusan rabin daƙiƙa ce. Samun bajon yana da wuya, amma wanda ya same shi kusan ya iso bango.

Makunnan wahala biyu da ke jikin na'urar, waɗanda ake sa kowanne a A (mai wuya) ko B (mai sauƙi), suna ba Barnstorming ɗan rinjaye. Yana amfani da duka biyun: na hagu a A yana rage tsayin ƙofar sito, na dama a A yana ƙara yawan agwagi. Za ka iya sassauta wa yaro duka biyu, kai kuma ka tsananta wa kanka. Sky Jinks na hagu kaɗai yake dubawa, a B an janye itatuwa daga kan hanyarka, a A an dasa su a tsakiyarta. Kada mai farawa ya taɓa A a Sky Jinks, zai tsani wasan a banza.

Ba ɗaya daga cikinsu da mutum biyu ke bugawa lokaci guda, sai dai karɓa-karɓa. A zaman taro Barnstorming ya fi armashi, saboda mai kallo yana ganin abin da ke faruwa sarai, kuma karo da agwagwa yana ba da dariya. Sky Jinks na mutum ɗaya ne da ya zauna shi da agogo. Haka kuma duk wanda bambance launi ke ba shi wahala, ko mai allon da launinsa ya dusashe, ya san cewa Sky Jinks gaba ɗaya a kan rarrabe ja da shuɗi aka gina shi, alhali Barnstorming bai dogara da launi ba ko kaɗan.

Saura yadda za a same su. Activision ta koma hannun Microsoft tun Oktoban 2023, kuma da ma can wasanninta ba mallakar Atari ba ne, shi ya sa ba za ka gan su a tarin Atari 50 na 2022 ba. Duka biyun suna cikin Activision Anthology da ya fito a PlayStation 2 a 2002, don haka mai wannan na'urar ba ya ma buƙatar zaɓe. Mai son kaset na asali kuwa, ba su cikin masu wuyar samu a kasuwannin tsofaffin kaya na intanet, kuma na'urar Atari 2600+ da ta fito a ƙarshen 2023 a kan dala 130 tana karanta su, tana kuma haɗuwa da talabijin na zamani ta HDMI. Ta fi tsohuwar na'urar sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Tsohuwar da aka yi don kasuwar Amurka wutar can take ci, mai ƙarfin volt 120, ba irin ta Najeriya da Nijar mai 220 zuwa 230 ba, sannan hotonta na tsarin NTSC ne, ba PAL ko SECAM da tsofaffin talabijin ɗinmu suka saba da su ba.

A kwamfuta manhajar Stella ce aka fi amfani da ita. F1 ke zaɓen mataki, F2 ke fara wasa, F5 da F6 su ne makunnin hagu a A da B, F7 da F8 na dama. A waya ma ana iya bugawa ta manhajar RetroArch, sai dai a nan abin da ke hannunka zai iya yanke maka hukunci. Barnstorming yana jure maɓallan da ake zanawa a fuskar waya, tunda sama da ƙasa ne kawai kuma akwai 'yar tazara tsakanin cikas da cikas. Sky Jinks ba ya jurewa. Karkatar jirgin tana buƙatar ka ji lokacin da ka danna da lokacin da ka saki, kuma yatsa a kan gilashi ba ya ba ka wannan. In waya kaɗai gare ka ba tare da abin riƙewa mai maɓallai na gaske ba, fara da Barnstorming, ka ajiye Sky Jinks sai ka samu sanda ko allon madannai na kwamfuta.